Sabar sunan mai hostin ko ta Cloudflare: ga wadda zan ce ka ɗauka

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka tambaye ni a kan wace sabar suna za ka ajiye domen ɗin shafinka na kasuwanci, wato kwamfutar da ke gaya wa masu nema inda shafin yake. Ka kai shi Cloudflare kawai, kamfanin nan mai ba da sabar suna da kariyar shafuka. Tsakanin barin domen ɗinka na .com.ng a kan sabar suna ta mai hostin, kamar yadda shi ya ce maka, da ɗauke shi zuwa Cloudflare, na biyun nake yi wa kaina, shi nake yi wa duk wanda ya ba ni amanar shafinsa. Sai dai kada ka taɓa komai a daren nan sai ka karanta har ƙasa, domin akwai wani lungu da imel ke mutuwa idan aka yi garaje.

Abin da ke rikita mutane shi ne ana sayar mana da abu uku a rasit ɗaya, sai mu ɗauka abu guda ne. Akwai sunan kansa, wato domen, wanda kake biya wa kuɗin haya duk shekara a wajen kamfanin rajista. Akwai hostin, kwamfutar da aka ajiye hotunanka da rubutunka a cikinta. Sai na ukun da ba a cika maganarsa ba, rikod ɗin DNS, 'yan layukan da ke gaya wa duniya cewa mai neman wannan suna ya nufi waccan kwamfuta. Tambayarka a kan na ukun nan take: a hannun wa layukan za su zauna.

Ga yadda abin yake tafiya idan wani a Kano ya rubuta sunanka.com.ng a wayarsa. Wayar ba ta san suna ba, lamba take nema, wato lambar IP ta kwamfutar da shafin ke ciki. Sai ta tambayi sabar DNS ta kamfanin layinsa, ko wata ta jama'a irin 8.8.8.8 ta Google ko 1.1.1.1 ta Cloudflare idan ya saita ta. Idan wannan sabar ba ta riƙe da amsar, sai ta fara daga can sama, wajen sabobin tushe, waɗanda sunayensu 13 ne daga harafin A zuwa M, duk da cewa injinan da ke bayan sunayen sun fi dubu a warwatse cikin duniya. Su ba su san shafinka ba. Iyakarsu su ce, duk abin da ya ƙare da .ng, ga masu kula da shi can. Masu kula da .ng kuwa ƙungiyar NiRA ce, kamar yadda Verisign ke riƙe da .com. Su ma sabobin .ng ba su san lambar shafinka ba. Abin da ke wajensu shi ne rikod ɗin NS, wato sunayen sabar sunan da ka rubuta a wajen kamfanin rajista. Sai a tambaya ta ƙarshe ake samun wanda zai ce ga lambar. Duk wannan kai-komo yana ƙarewa kafin ƙiftawar ido, kuma sabar da ta yi tambayar takan riƙe amsar na wani lokaci don kada ta sake wahala idan wani ya zo nema.

Wanda ke riƙe da sabar sunanka, shi ne mai maganar ƙarshe a kan inda baƙinka za su sauka da inda wasiƙunka za su faɗa. Tsarin ba sabo ba ne. Paul Mockapetris ne ya tsara shi a 1983, aka gyara shi a 1987, kuma a kan wannan ginshiƙin muke har yau. Kafin nan fayil guda ɗaya ake da shi mai suna HOSTS.TXT, ana kula da shi a cibiyar SRI da ke Kalifoniya a Amurka, kowace kwamfuta sai ta kwafo shi. Da kwamfutoci suka yi yawa sai abin ya gagara.

Layukan da za ka riƙa gani ba su da yawa. Rikod ɗin A yana haɗa suna da lamba irin ta da, mai kashi huɗu, kamar 203.0.113.10. AAAA shi ma haka, amma da doguwar lambar IPv6. CNAME ba ya ba da lamba, cewa yake wannan suna laƙabi ne, je ka tambayi wancan. MX shi ke faɗin inda imel zai sauka, kuma yana da lambar fifiko, ƙaramar lamba ita ake fara gwadawa. TXT rubutu ne zalla, da shi Google ko Facebook ke tabbatar da cewa domen ɗin naka ne, a cikinsa kuma ake saka SPF da DKIM da DMARC masu hana a jefa wasiƙunka cikin kwandon shara. Kowane layi yana da TTL, adadin daƙiƙun da aka yarda a riƙe amsar kafin a sake tambaya. 300 minti biyar ke nan, 3600 awa ɗaya, 86400 kwana guda.

To, ga abin da ya sa nake yabon Cloudflare. Akwai wata 'yar'uwata mai sayar da atamfa da leshi a Kantin Kwari, na haɗa mata ɗan shafi inda masu saye daga Abuja da Legas ke duba kaya su yi oda. Ana cikin goman ƙarshe na azumi, lokacin da cinikin shekara ke tashi, sai sabar mai hostin ɗinta ta ɗauke ɗif. Na kira lambarsa a kashe, na tura saƙo shiru. Ita kuma tana ta kirana, wai masu saye na cewa shafi ba ya buɗewa, ga tallar da ta biya tana ta cin kuɗi a banza. Allah ya taimake mu ina da kwafin shafin a kwamfutata, kuma tun ranar farko rikod ɗinta a Cloudflare suke, cikin asusun da aka buɗe da imel ɗinta. Bayan sallar asham na sayi hostin a wani kamfani, na ɗora kwafin, na shiga Cloudflare na goge tsohuwar lambar da ke layin A na rubuta sabuwa. Layi ɗaya tal. Kafin shayin da na haɗa ya huce ta turo min hoton wayarta, ga leshi nan sun bayyana. Imel ɗinta kuwa ko gezau bai yi ba, domin a kamfanin imel na Zoho yake, kuma layukan MX ɗin da ke nuna Zoho ba a kan sabar da ta mutu suke zaune ba. Har yanzu duk Sallah sai ta aiko wa maiɗakina turmi.

Ita kuwa sabar suna ta mai hostin, ba zan ce ba ta aiki ba. Tana yi, kuma tana da sauƙi guda ɗaya: ka rubuta sunaye biyun da ya ba ka, cPanel, allon da kake sarrafa hostin da shi, ya cike maka sauran layukan da kansa, shi ke nan. Iyakar alherinta ke nan a wajena.

Matsalarta tana fitowa ne ranar da ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Ƙananan masu sayar da hostin da yawa, sabar sunansu biyun nan da ka gani, ns1 da ns2, a kan inji ɗaya suke da shafinka. Idan injin ya faɗi, ba shafi kaɗai ke tafiya ba, har mai ba da kwatancen ya tafi. Imel ɗinka ko da a Google yake ba zai shigo ba, domin babu wanda zai faɗi inda MX yake. Sannan ba ka da inda za ka shiga ka gyara layin A, sai dai ka koma wajen kamfanin rajista ka sauya sabar suna gaba ɗaya, kuma nan ne ake jira. Maganar nan da kake ji ta a jira awa 48 ba camfi ba ce: a .com, TTL ɗin da ke kan rikod ɗin NS daƙiƙa 172800 ne, kwana biyu cif. Ba wai ana aika sabon bayanin ne yana yawo gari-gari ba. Tsohuwar amsar ce ke zaune a sabobi daban-daban, kowace sai wa'adinta ya cika take sake tambaya. Shi ya sa za ka ga shafi ya buɗe a wayar mai layin wani kamfani, ya ƙi buɗewa a ta maƙwabcinsa. Gyaran layin A mai TTL na minti biyar da sauya sabar suna a tsakiyar rikici, bambancinsu a fili yake.

Kada ka ɗauka ƙananan mutane kaɗai abin ke ci. Ka tuna ranar 4 ga Oktoba, 2021, da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɓace kusan awa shida, muka yi ta kashe waya muna kunnawa muna zagin kamfanin layi? Kuskuren saiti ne a cikin hanyoyin sadarwar kamfanin ya sa sabobin DNS ɗinsu suka janye kansu daga intanet. Bayanan mutane suna nan lafiya lau a cikin injinan, amma babu mai iya gano hanyar zuwa. Haka a ranar 21 ga Oktoba, 2016, aka kai wa kamfanin Dyn hari da tarin kyamarori da na'urorin gida da aka yi wa kutse, sai Twitter da Netflix da Reddit suka gagari mutane da yawa a Amurka, alhali su ba a taɓa su ba, mai riƙe musu da DNS aka buga. Cloudflare na da injina a ɗaruruwan birane, har da Legas, kuma duk suna amsa tambaya da lamba iri ɗaya, wanda ya fi kusa da mai tambaya shi ke amsawa. Wannan a tsarinsu na kyauta kake samunsa, ko kwabo ba za ka biya ba.

Akwai kuma wata ƙaramar riba da ba za ka gane ta ba sai ka ci karo da ita. A ƙa'idar DNS, suna mai CNAME ba ya ɗaukar wani rikod tare da shi. Gundarin domen ɗinka kuwa, wato sunanka.com.ng ba tare da www ba, dole yana ɗauke da NS da SOA, layin da ke riƙe da bayanan kula da domen ɗin, saboda haka ba a saka masa CNAME. Shi ya sa masu Blogger, dandalin buɗe shafi na Google, ke saka CNAME a kan www ya nufi ghs.google.com, da wani CNAME na biyu da Blogger ke bayarwa don tabbatarwa, sannan su saka layukan A guda huɗu a kan gundarin sunan: 216.239.32.21 da 216.239.34.21 da 216.239.36.21 da 216.239.38.21. Amma akwai manhajojin shago da na gina shafi da suna kawai za su ba ka, ba lamba. A irin wannan hali Cloudflare na barinka ka rubuta CNAME a gundarin sunan, shi ya je ya binciko lambar ya miƙa wa mai tambaya kamar layin A ne. Yawancin allunan masu hostin cewa za su yi ba a yi.

Ba na so ka ɗauka Cloudflare waliyyi ne. A ranar 18 ga Nuwamba, 2025, shi ma ya faɗi na sa'o'i, ya ja X da ChatGPT da shafuka barkatai ƙasa. Allonsa da Turanci yake, maɓallai sun yi yawa, sabon shiga na iya ruɗewa. Kuma akwai wurare uku da na ga yana kayar da mutane.

Na farko, kuma mafi muni, alamar girgije mai ruwan lemo da ke gefen layukan A da AAAA da CNAME a allon Cloudflare. Idan yana kunne, Cloudflare ba lambar sabarka yake bai wa mai tambaya ba, tasa yake bayarwa, baƙo ya fara biyowa ta wajensa kafin ya iso gare ka. Ga shafi wannan alheri ne: yana ɓoye lambarka, yana tare wasu hare-hare, yana rage wa sabarka nauyi. Amma zirga-zirgar shafi kaɗai yake wucewa da ita, ba ya ɗaukar imel. Idan imel ɗinka a kan hostin yake, za ka ga layi mai suna mail. Wannan layin ka danna girgijensa ya koma toka-toka. Idan ka bar shi da ruwan lemo, manhajar imel ta wayarka za ta daina haɗuwa da saba, kai kuma kana can kana zargin layi. Haka layukan Blogger, ka bar su a toka-toka domin Google ya samu damar haɗa maka makullin HTTPS, wato na tsaron shafi, da kansa.

Na biyu, idan ka shigar da domen, Cloudflare zai leƙa tsofaffin layukanka ya kwafo su. Ba ya kwafo duka a kowane lokaci. Layin DKIM da ƙananan sunaye irin shago.sunanka.com.ng sukan zame masa. Ka buɗe Zone Editor a cPanel, ka ɗauki hoton duk abin da ke ciki, ka zauna ka gwada su layi-layi da abin da ya kwafo. Kada ka raina layukan TXT ɗin nan. Tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara: mai aika wasiƙa ba SPF ba DKIM na iya ganin an dawo masa da ita, masu aika sama da 5,000 a rana zuwa Gmail kuma sai sun ƙara da DMARC.

Na ukun gajere ne. A sashen SSL, inda ake saita wannan makullin, kada ka zaɓi Flexible idan sabarka na da nata makullin, shafin zai iya yin ta juyawa a wuri ɗaya har burauza ta gaji ta ba ka kuskure. Full za ka zaɓa, mai tsananin, wato Full (strict), ma ya fi.

Yanzu bari in faɗi abin da ba ka tambaya ba, domin ya fi duk na sama muhimmanci. Ka bincika da sunan wa aka yi rajistar domen ɗin nan. Akwai masu haɗa shafi da masu sayar da hostin da za su karɓi kuɗinka, su sayi sunan a cikin asusunsu, da imel ɗinsu, su miƙo maka kalmar sirrin WordPress kawai, kai kuma ka tafi kana murna. Wannan daidai yake da ka biya kuɗin fili, ka yi gini ka tare, alhali takardar na ɗauke da sunan dillali. Shekara na zagayowa zai ninka maka kuɗin sabuntawa, idan ka yi gardama ya juya sabar suna, shafinka ya koma nuna wani abu daban. Na taɓa saye a hannun irin wannan, kuma sai da na haɗa shi da wani dattijo da yake jin nauyinsa kafin ya saki sunan. Wani ba mugunta ce ke sa shi ba, sakaci ne: ya bar sana'ar, ya sauya lamba, sunan ya mutu a hannunsa, wani can ya saye ya cika shi da tallar caca.

Gwajin ba wuya. Ka ce ya ba ka shiga asusun kamfanin rajista, inda za ka ga ranar ƙarewar domen da akwatin sauya sabar suna da idonka. Ka duba imel ɗin da ke kan rajistar, naka ne ko nasa. Ka tambaye shi lambar EPP, wadda da ita ake ɗauke suna daga wani kamfanin rajista zuwa wani. Mai gaskiya zai ba ka ba tare da dogon Turanci ba. Wanda ya fara cewa ai tsarinsu bai yarda ba, ko sai ka biya kuɗin saki, to ka san inda aka dosa. Ga .ng, NiRA na da jerin kamfanonin rajistar da ta amince da su a shafinta, ka duba ko naka na ciki, ko aƙalla ka san a ƙarƙashin wanne yake saye. Duk wanda ya ce zai sayar maka da domen na har abada a biya ɗaya, ƙarya yake. Haya ce, ko a .com ba a wuce shekara 10 a rajista guda. Haka masu karɓar kuɗi mai kauri da sunan sayen SSL, alhali na kyautar Cloudflare ko na Let's Encrypt za su kunna maka. Ladan aikinsu halal ne idan sun faɗa maka gaskiyar abin da suka yi, amma kada a sayar maka da abin da ake rabawa kyauta. Shi ma asusun Cloudflare ɗin, kai za ka buɗe da imel ɗinka, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Idan kana buƙatar wani ya taya ka, akwai wurin gayyatarsa da nasa asusun, ranar da kuka rabu ka cire shi. Kada ka yarda a saka domen ɗinka cikin asusun wani, in ba haka ba ka gudu ne ba ka tsira ba.

Wanda zan ce ya zauna a sabar mai hostin mutum ɗaya ne: wanda shafinsa na gwaji ne, imel da komai a wuri ɗaya, ko ya ɗauke mako guda babu asarar da zai yi. Kai da ka ce na kasuwanci ne, ba ka cikinsu.

Idan za ka yi, ka zaɓi daren da ciniki ya lafa. Ka fara da hoton tsofaffin layukan, ka shigar da domen a Cloudflare a tsarin kyauta, ka cike abin da ya tsallake, ka mayar da layin mail toka-toka. Ka leƙa wajen kamfanin rajista ka ga ko DNSSEC, tsarin sa-hannun tsaro a kan rikod ɗin DNS, na kunne. Idan yana kunne ka kashe shi tukuna, domin idan ka sauya sabar suna da tsohon sa-hannun a kai, sabobi irin 8.8.8.8 za su ƙi amsarka gaba ɗaya, shafin ya ɓace. Daga baya ka sake kunna shi ta Cloudflare. Sai ka goge sabar sunan mai hostin duka, ka rubuta biyun da Cloudflare ya ba ka, masu ƙarewa da ns.cloudflare.com, kada ka gauraya tsoho da sabo. Mai hostin na iya ce maka ba za su ɗauki alhaki ba idan ba sabarsu kake amfani da ita ba. Ka ce masa ka ji, ya ba ka lambar IP ta sabar kawai, kuma ya riƙa sanar da kai idan za su sauya ta, domin yanzu kai ne mai gyara layin A da hannunka. Kada ka goge komai a tsohon wurin sai bayan kwana biyu. A tsakanin nan ka riƙa duba sunan a dnschecker.org, ka buɗe shafin da layukan waya daban-daban, ka aika wa kanka wasiƙa daga Gmail ka ga ta shigo, ka mayar da amsa ka ga ba ta faɗa kwandon shara ba. Idan wani layi ya rikita ka, ɗauko hotonsa ka rufe lambar sabar ka turo nan mu duba tare.